Lambun Gida: Sanyinmu Ba Irin Na Turai Ba Ne

Ruwan sama ya ɗauke, an shiga kaka, nan da 'yan makonni iskar hunturu za ta fara kaɗawa. Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa idan damina ta wuce, shuka ta ƙare ke nan sai baɗi. Ga mai lambu kuwa, yanzu ne ma aiki zai fara. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan muna da ɗan fili a bayan ɗaki, ko buhuna biyar da bokiti guda, me ya kamata mu shuka?

Mukan ga hotunan lambunan Ingila da Holan a waya, furanni ja da rawaya jere kamar an shimfiɗa darduma, mu ji sha'awar yin irinsu. Su can sukan kasa lambunsu kashi uku: abin ci, da furanni masu kai irin na albasa waɗanda ke buɗewa bayan sanyi, da kuma tsirran da ke ƙawata gida lokacin da ƙanƙara ta rufe komai. Tsarin yana da kyau, za mu iya aronsa. Abin da ba zai aru ba shi ne kalandarsu da irinsu.

Mu ɗauki furen tulif, wanda Holan ta yi suna da shi. Asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya ne, ya biyo ta Turkiyya ya shiga Turai a ƙarni na 16. Ana binne kansa a ƙasa wajajen Oktoba da Nuwamba, kuma sai ya yi wata uku zuwa huɗu cikin sanyin da bai kai digiri 10 ba kafin ya yi fure mai kyau a Maris ko Afrilu. A Kano ko Zinder, daren hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15, amma da rana sai ya doshi 30. Duk wanda ya kashe kuɗin tararsa a kan tulif a nan, ya yi asara. Sanyin Turai yana kwantar da lambu barci, namu kuwa tashinsa yake yi.

To, mu fara da abin ci. Tumatir, latas, kabeji da karas duk sun fi son wannan lokaci. Dalili kuwa, idan zafi ya haura digiri 35, furen tumatir kakkaɓewa yake yi ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba, latas kuma ya miƙe ya yi ɗaci. Shi ya sa tumatir ke araha a Janairu da Fabrairu, lokacin da na Kadawa da sauran wuraren noman rani ke cika kasuwa, sannan ya yi tsada da shigowar damina. Idan muka yafa irin tumatir a ɗan kwami yanzu, bayan sati uku zuwa huɗu za mu dasa, kuma cikin wata biyu zuwa uku da dashe za mu fara tsinka. Wanda ya jinkirta har Janairu, furensa zai ci karo da zafin bazara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Karas ba ya son dashe, a inda aka shuka shi nan zai zauna, kuma yana son ƙasa mai laushi wadda babu tsakuwa. Wanda bai taɓa yin lambu ba kuwa, ya fara da alayyafo. Cikin sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, idan aka yanke shi kuma sai ya sake tofowa. Kuɓewa, rama da yakuwa mu ajiye musu wuri sai zafi ya dawo, domin sanyi yana sa su tsumburewa.

Kashi na biyu, masu kai. Mu ma muna da namu, kuma namu har cikin tukunya suke shiga: albasa da tafarnuwa. Kan albasa rumbu ne, inda tsiron ke tara abincin da ganyensa suka haɗa. Akwai wani sirri da ya kamata ɗalibin kimiyyar noma ya riƙe: tsawon yini ne ke gaya wa albasa lokacin da za ta fara yin kai. Irin da ake nomawa a arewacin Turai sai yini ya kai awa 14 zuwa 16, namu yinin kuwa ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Idan muka shuka irinsu a nan, ganye kawai za mu samu. Don haka mu nemi irin da manoman yankinmu suka saba da shi, kamar jar albasar Galmi ta Nijar, ko wadda ake nomawa a Aliero ta jihar Kebbi. Albasa takan yi sati shida zuwa takwas kafin dashe, sannan wata uku zuwa huɗu kafin a cire. Idan ganyenta ya kwanta, ta nuna.

Tafarnuwa ta fi sauƙi. Mu ɓare dunƙule guda, mu binne kowane ɗa daban, tsinin yana kallon sama, tazarar yatsu huɗu ko biyar tsakaninsu. Bayan wata huɗu zuwa biyar, kowane ɗa zai zama dunƙule. Amma a kula: akwai tsirran daji masu kai irin na albasa, kamar albasar kwaɗi, waɗanda ke fitar da fure mai kyau da faɗuwar damina. Na kallo ne kawai, suna da guba, kada a bar ƙannenmu su kai baki.

Kashi na uku shi ne abin da zai hana gida zama fayau idan ƙura ta turnuƙe, ciyawa ta bushe. A nan daji ya riga ya ba mu darasi. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, lokacin da kuka ta tsaya tsirara. Gawo ya yi wa tsakar gida girma, amma akwai ƙanana. Lalle yana yin shinge mai kyau, ga furensa da ƙamshi. Kariya tana fitar da jan fure a tsakiyar rani, ba ta kuma buƙatar ruwa sosai, sai dai ƙaronta guba ne, a dasa ta nesa da yara da dabbobi. Zogale kuwa idan yana samun ɗan ruwa, zai ba mu ganyen kwaɗo a lokacin da ganye ke wuya. Mu riƙa datse kansa idan ya kai mita ɗaya, don ya yi rassa kada ya fi ƙarfin hannu. Na'a-na'a da daddoya sukan rayu a tsohon bokiti kusa da randa.

Kafin mu sayi iri ko ƙwaya ɗaya, mu amsa tambayoyi uku. Shin wurin yana samun rana aƙalla awa shida? Ruwa nawa za mu iya ɗebowa kullum ba tare da mun makara zuwa makaranta ba? Sannan me zai hana akuya da kaji shiga? Ta ukun ce ta fi kashe lambunan gida, domin aikin wata biyu akuya za ta share shi kafin a tashi daga makaranta. Shingen kara ko tsohon gidan sauro ya wadatar. Batun ruwa kuwa, daidai ruwa daidai tsaki: buhu biyar da ake ba ruwa safe da yamma sun fi kwami ashirin da aka bari suka bushe a makon jarrabawa. Ruwan wankin shinkafa da na ganye yana da amfani, amma ban da mai omo. Idan da buhu za mu yi, mu huda gindinsa, mu cika shi da ƙasa haɗe da taki ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya tambayi Mama ko Inna abubuwa uku da aka fi saye don miya a gidan, ya zaɓi guda wanda ya dace da sanyi, ya haɗa da tafarnuwa dunƙule ɗaya da reshen zogale. A rubuta ranar shuka a bayan littafi, a riƙa auna tsayin tsiro kowace Asabar. Wannan rubutu zai yi mana amfani a ajin noma, ranar da aka tsinki tumatirin farko kuma, gida duka za su shaida.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.