Baƙin Hunturu A Bakin Ruwan Bakolori

Kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai baƙi su sauka a fadamun Janbako da kewayen madatsar ruwa ta Bakolori. Baƙin nan tsuntsaye ne da suka gujo wa sanyin ƙasashen Turai, suka ƙetaro Bahar Rum da Hamadar Sahara, kamar ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin gaɓa. Sukan zauna tare da 'yan gida, su zalɓe da balbela da kirinjijiya, har wajen watan Maris, sa'an nan su juya. A daidai lokacin ne kuma gawo yake fure, bayan itatuwa da yawa sun kaɗe ganye, haka ma rimi da mangwaro.

Ya kamata ɗalibai da ma'aikata, musamman na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, su ɗauki hoton waɗannan halittu a matsayin aiki. Dalili kuwa, ƙasa tana sauyawa. Tun da aka kammala madatsar a 1978 ambaliyar kogin Sakkwato ta ragu a fadamun da ke ƙasa da ita. Gauraka, wanda dattawa suka saba gani garke-garke, yau da ƙyar ake ganinsa a Nijeriya. Labarin baka yakan ɓace tare da mai shi, amma hoton da aka rubuta wa rana da wuri shaida ne da jami'in gona ko na gandun daji zai dogara da shi bayan shekara ashirin.

Aikin ba ya bukatar kayan tsada. Wayar hannu ta isa. A fita da sassafe ko da la'asar, a bar rana a bayan mai ɗauka, a tsaya cik har tsuntsu ya saki jiki. Fure kuwa a matso kusa da shi, a jira iska ta lafa.

Gaskiya ne matsalar 'yan bindiga ta sa shiga daji a wannan yanki kasada ce, kuma babu hoton da ya kai rai daraja. To, a tsaya a lambunan bakin gari da harabar makarantu, inda mangwaro ke fure, tsuntsaye kuma ke sauka. Shugabannin kwalejojin nan su tanadi kundin da za a riƙa tara hotunan kowace shekara. Allah ya kawo zaman lafiya, har a koma bakin ruwa cikin natsuwa.