Girman da ba ya cin ko tamma

Akwai wata al'ada a majalisun dokoki na jahohin Amurka wadda mai kallo daga nesa zai ɗauka tsantsar karamci ce. Ƙasar tana da jaha 50, kowace da majalisarta, kuma da wuya a yi zaman shekara ba a tsai da aiki ba domin a karanta ƙudurin yabo. Yau ƙungiyar ƙwallon wata lakol ce ta ci kofi, gobe wani tsohon ɗan dambe ne ya riga mu gidan gaskiya. Depiten yankin ya miƙe, ya jera kirari, sauran su amsa da murya ɗaya ba tare da muhawara ba, a buga hatimi a takarda, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Ƙudurin nan ba doka ba ne. Ba ya tilasta wa kowa komi, ba ya fitar da ko tamma daga baitulmali.

Masu kare wannan al'ada suna cewa yabon gwani ya zama dole, kuma abin da bai cuci kowa ba, me zai sa a tsangwame shi? Ni kuwa na ce yana cuta. Cutarsa ita ce yana bai wa hukuma damar wanke hannunta da ruwan da ba ta ɗebo ba. Wanda ke shakka ya saurari labarin Jim Thorpe.

Mutumin nan ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, cikin ƴan asalin ƙasar da Turawa suka tarar, haifaffen yankin da ya zama jahar Okalahoma. A wasannin Olamfik na 1912, a birnin Sitokom na ƙasar Suwidin, ya lashe zinariya biyu: ta gasar wasanni biyar da ta gasar wasanni goma. A farkon 1913 aka ƙwace su, bisa hujjar cewa a 1909 da 1910 ya karɓi ƴan kuɗi kaɗan a wasan besbol, alhali ƙa'idar lokacin ta ce duk mai ƙorafi ya kawo shi cikin kwana 30, su kuwa sai da wata shida ya wuce. Da ƙarfinsa ya ƙare, ya yi haƙar rami, ya yi gadi, ya yi ƴan fitowa a silima waɗanda ba su cika tukunya. A 1950 ƴan jarida suka zaɓe shi gwarzon ƴan wasan Amurka na rabin ƙarni; a 1951 aka kwantar da shi gidan likita a matsayin mara hali, ana yi masa aikin ciwon daji a leɓe. Ya rasu ranar 28 ga Maris 1953 a Kaliforniya, hannu wofi.

To, a nan ne za a ga nauyin yabo idan an aza shi a sikeli. An kai gawarsa Okalahoma, majalisar jahar ta amince da dalar Amurka 25,000 (ba dalarmu ta sefa biyar ba) domin a gina masa kabari da wurin tunawa. Gwamna Johnston Murray ya hau kujerar na-ƙi, kuɗin bai fito ba. Wani zai ce ai laifin gwamna ne, depitoci sun yi nasu. Na ji, kuma ba zan hana su wannan ba. Amma rana ɗaya tak da girmamawa ta nemi kuɗi, jaha tana da majalisa, tana da gwamna, tana da rijiyoyin man fetur, aka rasa abin rufa wa gwarzonta asiri. Matarsa ta uku, Patricia, wadda tun farko ta zo da ƴan sanda ta ɗauke gawar ana tsakiyar jana'izar gargajiya ta danginsa, sai ta shiga neman garin da zai karɓe ta. Ta samu wasu ƙananan garuruwa biyu a jahar Fensilbaniya, Mauch Chunk da East Mauch Chunk, waɗanda kasuwar gawayin ƙasa ta mutu ta bar su cikin fatara. Aka ƙulla yarjejeniya: a 1954 garuruwan suka haɗe, suka ɗauki sunan Jim Thorpe, da fatan kabarin zai jawo baƙi da ciniki. Gari ne da ba a san ya taɓa taka shi ba da ransa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan haka fa sai yabo ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. A shekarun 1960 majalisar Okalahoma ta sa aka zana hotonsa, aka rataye shi cikin gininta, kuma ga wani babban gini na ma'aikatun jaha ɗauke da sunansa. A 1982 hukumar Olamfik ta duniya ta maido masa da lambobinsa, amma a matsayin wanda ya yi tarayya da wasu. Sai a 2022, shekara 110 bayan gasar, ta yarda shi kaɗai ne ya ci. Duk wannan ihu ne bayan hari. Gawa ba ta roƙon magani, ba ta kuma faɗin abin da zai kunyata mai mulki, shi ya sa girmama ta ke da daɗi.

Haka abin yake ga wasannin da majalisun nan ke naɗawa sarautar “wasan jaha”. Marilan ce ta fara a 1962, da wani wasan sukuwa inda mahayi ke tsinko zobe da māshi. Alaska ta bi da tseren karnuka masu jan amalanke bisa ƙanƙara a 1972, Tekzas da wasan hawan bijimai da dawakai a 1997, Kaliforniya da hawan igiyar teku a 2018. A 2004 Marilan ta ƙara da lakoros, wasan da ƴan asalin ƙasar suka ƙago tun kafin Bature ya sauka gaɓar. An ɗauki wasan an yi masa rawani. Masu shi kuwa, tarihi ya san inda aka kora su.

Kada a ce na yi wa depitoci kuɗin goro. Akwai wanda ya nuna yadda ake girmama mutum da gaske, kuma bai yi da takardar yabo ba. Ranar 28 ga Afrilu 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja zuwa yaƙin Biyetnam. Aka ƙwace kambunsa, hukumomin dambe na jahohi suka hana shi lasisi ɗaya bayan ɗaya, ya yi sama da shekara uku bai hau dandali ba, a lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa. Sai Leroy Johnson, baƙar fata na farko da ya shiga majalisar dattijan Jojiya cikin kusan ƙarni guda, ya lura cewa jaharsa ba ta da hukumar dambe, izinin yana hannun birni. Ya yi amfani da kujerarsa da mutuncinsa har birnin Atlanta ya ba da izini. Ranar 26 ga Oktoba 1970 Ali ya doke Jerry Quarry a turmi na uku, Gwamna Lester Maddox yana kiran a yi zaman makoki saboda baƙin ciki. A lokacin kotun ƙoli ba ta wanke Ali ba tukuna, sai a Yuni 1971. Johnson ya tsaya masa ran da tsayawar ke iya jawo wa mutum asara. Ku kwatanta da mahaifar Ali, birnin Luwisbil na Kentaki, inda a 1978 majalisar gari ta amince a sa wa titi sunansa da ƙuri'a 6 a kan 5, bayan ya riga ya ɗauki kambun duniya sau uku.

Mu nan ba mu da bakin yi wa kowa dariya. Tun da aka fara kokowar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, mun iya sa wa filaye suna: na Maraɗi na Kantu ne, na Dosso na Salma Ɗan Rani, na Damagaram na Langa-Langa. Abu ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai duk hukumar da za ta kafa allo a ƙofar fili, ya kamata a tambaye ta a bainar jama'a: wane tanadi ta rubuta wa ɗan kokowar da ƙugunsa ya goce yana shekara talatin, wanda bai taɓa riƙe takobi ba, amma da shi aka cika fili? Sunan fili na mutum ɗaya ne, masu faɗuwa a cikinsa kuwa ɗaruruwa.

Ƴaƴan Thorpe maza sun kai ƙara a 2010 suna neman a maido mahaifinsu ƙasar kakanninsa. Alƙali ya ba su gaskiya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2014, kotun ƙoli ta ƙi sauraron maganar a 2015. Babbansu a ƙarar, Jack, ya rasu tun 2011. Mutanen garin, a gaskiya, suna kula da kabarin, kuma wasu daga jikokinsa sun yarda ya zauna can. Yana kwance a gefen hanya, cikin jan dutse, bisa ƴar ƙasar da aka ɗebo daga Okalahoma da filin wasa na Sitokom.