Kifi Ma Yana Bukatar Gida

Zuwa ga Edita,

Wannan mako ina so in ba masu karatu labarin wani rafi cikin birnin Landan, sunansa Wandle. Yana tasowa daga Croydon da Carshalton, ya yi tafiyar kamar mil 9, sa'an nan ya faɗa kogin Thames. A dā ya yi suna wajen wani kifi da a ke kira tirawut, amma masana'antu da ƙazantar gari suka ɓata shi, har a shekarun 1960 ya zama kamar kwata.

Daga baya mutanen unguwa suka kafa ƙungiya don aikin gayya. Kowane wata sukan shiga ruwa su fid da tayoyi da kekuna da tarkacen ƙarfe, kamfanoni kuma kan aiko da ma'aikatansu su taya su.

To, jama'a, kwashe shara kaɗai ba ta isa. Tirawut ba ta zuba ƙwai cikin taɓo. Sai ta tona rami cikin tsakuwa mai tsabta inda ruwa ke gudu, gama ƙwan na shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Saboda haka aka zuba tsakuwa, aka rage madatsan da ke tare mata hanya, aka kafa guntayen itatuwa don ƙananan kifi su sami maɓoya.

Ana cikin wannan, a watan Satumba na 2007, wani maganin wanki mai ƙarfi ya tsiyaye daga wurin tace ruwan ƙazanta na kamfanin Thames Water a Beddington, ya kashe kifi birjik. Aikin shekaru ya lalace a wuni guda. Kamfanin ya yi alkawarin fam 500,000 don gyara. Kotu ta ci shi tarar fam 125,000 a 2009, aka mai da ita fam 50,000 bayan ɗaukaka ƙara.

Ni dai a ganina, hannu da yawa maganin ƙazamar miya ne, kuma kamfanin da ya aiko da ma'aikatansa ya kyauta. Amma gudummawar da ta fi ita ce ya tsare bakin bututunsa, mutanen unguwa kuwa su sa masa ido. In ba haka ba, wa a ke gina wa gidan?

Haza wasalam.

Naku,
Akawu