Kafin Ka Rubuta "A Ɗauko Wagner", Tambayi Waye Zai Biya

Duk lokacin da aka kai hari a Zamfara ko Katsina ko Borno, in ka leƙa sashen sharhi a Facebook ko TikTok, ba za ka rasa wanda zai rubuta "a ɗauko Wagner kawai su gama da su" ba. Wani ya liƙa tutar Rasha, wani ya saka bidiyon Turawa cikin kakin soja da kiɗa mai tayar da tsikar jiki. Na fahimci abin da ke sa mu faɗin haka, don wanda aka sace masa ƙani ba ruwansa da sunan wanda zai ceto shi. Ko Gwamna Zulum, bayan kisan manoman Zabarmari a Nuwamban 2020, sai da ya ba gwamnatin tarayya shawarar ɗauko sojojin haya.

Amma a ajinmu na aikin jarida akwai tambayar da ake nanata mana kan kowane labari: waye ke cin riba? Ita nake so mu yi wa wannan batu.

Sojan haya ma'aikacin kamfani ne. Kamfanin na karɓar kwangila daga gwamnati, ya kawo mayaƙa da makamai da jirage, a biya shi. To kowane ɗan kasuwa fatansa ciniki ya ɗore, shi kuwa wannan hajarsa yaƙi ce. Ranar da zaman lafiya ya dawo, ranar kwangilarsa ta ƙare. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani.

Mu fara da Amurka, don kar a ce Rasha nake ƙi. A ranar 16 ga Satumba, 2007, ma'aikatan kamfanin Blackwater sun buɗe wuta a dandalin Nisur da ke Bagadaza, suka kashe 'yan Iraƙi 17. Kotun Iraƙi ba ta iya taɓa su ba, saboda wata doka da hukumar mamaya ta kafa ta ba irin waɗannan 'yan kwangila kariya. Sai a 2014 wata kotu a Amurka ta samu huɗu daga cikinsu da laifi, sannan a Disamban 2020 Donald Trump ya yi musu afuwa. Kamfanin kuwa sunansa kawai ya sauya, ya koma Xe, daga baya Academi, ya ci gaba da neman kwangila.

Yanzu mu dawo kusa da gida. Wagner ta shiga Mali a ƙarshen 2021, kuma Amurka ta ce dala miliyan 10 ake biyan ta duk wata. A ƙarshen Maris na 2022, sojojin Mali tare da wasu fararen mayaƙa sun yi wa garin Moura ƙawanya a ranar kasuwa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Mayun 2023 ya ce an kashe aƙalla mutum 500, yawancinsu fararen hula. Gwamnatin Mali ta musanta, ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. A Yunin 2025 Wagner ta sanar da cewa ta kammala aikinta ta fice, rundunar Africa Corps ta ma'aikatar tsaron Rasha ta gaje ta. Amma yaƙin Mali bai ƙare ba, hare-hare ma sai ƙara matsowa Bamako suka yi.

Kuma in ƙasa ba ta da kuɗin biya, da arzikin ƙasa take biya. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kamfanonin da ke da alaƙa da Wagner sun samu izinin haƙar zinare da lu'ulu'u da saran katako. A Sudan ma, tun zamanin Umar al-Bashir, wani kamfani mai alaƙa da su, Meroe Gold, ya shiga harkar zinare. Ka tuna cewa Zamfara ma zinare gare ta, kuma da ma shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ke rura wutar rikicin jihar. A ce an kawo baƙo mai bindiga an ajiye shi kusa da ramin zinare, ai an ba kura ajiyar nama ke nan.

Wani zai ce ai mun taɓa gwadawa kuma ya yi aiki. Da gaskiyarsa. A farkon 2015, gab da zaɓe, gwamnatin Jonathan ta ɗauko kamfanin STTEP na Eeben Barlow, tsohon sojan Afirka ta Kudu, kuma a 'yan makonnin aka ƙwato garuruwa irin su Bama da Gwoza, tare da gudummawar sojojin Chadi da Nijar a wasu fagagen. Sai dai bayan 'yan watanni sun tattara sun tafi, kuma ga shi sama da shekara goma Boko Haram da ISWAP na nan. Sojan haya zai iya korar 'yan bindiga daga gari, amma ba zai buɗe makaranta ba, ba zai sasanta manomi da makiyayi ba, ba zai samar wa matashi aikin da zai hana shi shiga daji ba.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin wanda za a tuhuma. Sojanmu, duk da laifinsa, yana da kwamanda, akwai kotun soja, akwai majalisar da za ta iya kiran shugabansa. Idan baƙon haya ya harbe yaro a Tsafe ya hau jirgi ya koma ƙasarsu, wa mahaifiyar yaron za ta kai wa ƙara? Kwangilar ma a ɓoye ake sa mata hannu, ba mu san nawa aka biya ba, balle wa ya samu kasonsa.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, ƙarfin da muke sawa wajen yaɗa bidiyon sojojin haya, mu juya shi kan namu shugabannin. Mu tambayi gwamnoninmu ina kuɗin tsaron da suke karɓa duk wata ba tare da bayani ba yake tafiya. Mu tambayi 'yan majalisarmu me ya sa tsaro ke cin kaso mai tsoka a kasafin kuɗi, amma sojan da ke bakin daga yana kukan alawus da kayan aiki. Shari'ar badaƙalar kuɗin makamai ta dala biliyan 2.1 da aka fara tun 2015, mu riƙa tunawa da ita muna bibiyar inda ta kwana. In ba a toshe wannan ɓarakar ba, ko wa aka ɗauko daga waje, ƙarin mai cin rabo ne kawai a kan jinin talaka.