Yadda Ake Cewa A'a Ba Tare da an Ce A'a Ba



Ƙanwata ce ta jawo rubutun nan. Fina-finan Koriya sun shiga ranta har ta fara koyon yaren a waya. Rannan muna zaune a tsakar gida a nan Daura, sai ta kama yi min bayanin yadda suke kore magana. Idan mutum zai ce ba zai je ba, yakan sa "an" a gaban aikatau, ya ce "an gayo". Idan kuma halin zuwan ne ba shi da shi, sai ya sa "mot", ya ce "mot gayo". Wannan "yo" ta ƙarshe ta ladabi ce, ana yar da ita ne tsakanin abokai ko ga na ƙasa da kai. Shi ya sa "kajima" da yaranmu ke ta maimaitawa, wato kada ka tafi, take komawa "kajimaseyo" a gaban babba. Kuma idan aka gayyaci mutum biki, ya fi son ya ce "mot", domin "an" tana nuna ƙin zuwan ne da gangan.

Na ce mata ai wannan namu ne. Ki auna "ba zan zo ba" da "ba zan samu zuwa ba". Ta farko tana iya raba zumunci, ta biyu ko a jikin mai biki.

To a nan ne nake da ƙorafi a kanmu. Littattafan da muke sakewa a intanet sun cika da budurwar da za ta dubi mahaifinta a shafi na uku ta ce, "A'a Baba, ba na son shi, ba zan aure shi ba." A wane gida? Yarinyar da muka sani sunkuyar da kai take yi, ta yi shiru har a sake tambaya, sannan ta ce, "Duk yadda kuka yi daidai ne." Daga nan ta zarce ɗakin kakarta ko gidan gwaggo ta yi kuka. Uban ya gane, mai karatu ma ya gane, kuma babu "ba" ko ɗaya a bakinta.

Mu ba mu da wani ɗafi irin "yo" da za a manna wa aikatau. "Ba… ba", "babu" da "kada" iri ɗaya suke fita, ko da wa kake magana. Ladabinmu yana cikin kaucewa. Je kasuwar Mai'aduwa ka taya rago da arha, mai shi ba zai ce ba ya sayarwa ba, "albarka" zai ce. Almajiri ya yi bara babu saura, a ce masa "Allah ya ba da haƙuri". A yi maka bisimilla ka ce "alhamdu lillahi". Mai neman rance kuwa ya ji "wallahi da jiya ka zo", ya san zance ya ƙare. Masu neman aure a ce musu yarinya karatu take yi tukuna. Akwai kuma dabarar cire mutum daga cikin jimla: maimakon "kada ka yi", yaro ya ce wa yayansa "da dai an bari". A fada abin ya fi haka nisa, bafade sai ya gama addu'ar Allah ya ja zamanin sarki kafin ya lallaɓa da "sai dai ko a ƙara dubawa".

Na san wani zai ce zamani ya canza, yaran yanzu suna faɗa wa iyayensu a'a ido da ido. Gaskiya ne, suna yi. Amma idan jarumarki ta yi haka, dole gidan ya girgiza, uwa ta dafe ƙirji, a yi kwana uku ana zancen. In ta faɗa aka wuce kamar ba a yi komai ba, to fassarar da ke ƙasan fim kika kwafo. Kuma in kin kashe wannan a'a tun a shafi na uku, me za ta faɗa a shafi na 200, ranar da tura ta kai bango?

Ban ce kowa ya riƙa kewaye-kewaye ba. Uwa tana ce wa ɗanta "ba za ka je ba" kai tsaye, jika da kaka kuwa har da tsiya. Kafin ka rubuta korewa, ka tambayi kanka wa ke magana, wa yake gaya wa, kuma wa ke zaune a wurin yana ji.

Da na koma kan labarin da nake rubutawa yanzu, na ƙirga "a'a" 17 daga bakin yara zuwa ga manya. Biyu na bari, ɗayar ma har yanzu ina shawara a kanta.