Ciniki da Amana: Idan Mai Saye Ta Ce Zinariyar Jabu Ce

Maganarmu ta wannan fitowa a kan wata rigima ce da ta yawaita a tsakanin iyayenmu mata, wato mace ta tallata sarƙa ko awarwaro a WhatsApp ko Facebook, a daidaita farashi, kuɗi su shigo mata ta Bankak, ta ba direban mota kaya ya kai, bayan kwana biyu sai ga waya, mai saye tana cewa abin da ya iso mata jabu ne, ko kuma falso kamar yadda ake faɗa da Larabcin nan.

Masu karatunmu na Maradi da Damagaram za su so sanin dalilin da ya sa abin yake da nauyi a wurinmu. Gedambaliya ƙasar noma ce a jihar Gadarif, gabashin Sudan, a nan aka fara noman dawa da injuna tun shekarun 1940. A gidajenmu zinariya rumbu ce ta biyu. In an yi kakar riɗi da dawa aka samu rara, sai a sayi zobe ko 'yan kunne a ajiye. In damina ta kama ana neman kuɗin iri da man tarakta, sai a fito da su. Da yaƙi ya ɓarke a Kartum a watan Afrilun 2023, sannan ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, dubban iyalai sun kwararo Gadarif, da yawansu ba su tsira da komai ba sai abin da ke wuya da hannun matansu. Saboda haka wadda ta sayar wataƙila kuɗin hayar ɗaki take nema, wadda ta saya kuma wataƙila gumin shekara guda ta zuba. Duk wadda aka zalunta a cikinsu, gida guda ne ya girgiza.

Kuskuren farko da masu sayarwa ke yi shi ne fushi. Da an ce jabu, sai zagi da rantse-rantse, daga nan a rufe lambar mai saye, ita kuma ta ɗauki hoton kayan da na mai kayan ta watsa cikin zaurukan mata. Kafin magariba mutuncin da aka shekara ashirin ana ginawa ya zube, alhali babu wanda ya ɗora abin a kan sikeli. Kuskure na biyu kishiyar wannan ne: mace ta ji tsoron ɓacin suna ta mayar da kuɗi nan take tun ba ta ga kayanta ba. Mazambata sun san wannan rauni, kuma suna cin abinci da shi.

To, abin da ya kamata shi ne a amsa da lafazi mai taushi, a ce da mai saye ta dakatar da sa kayan, kada ta kankare ko ta kai a gyara, sannan a sa rana ta kusa. A wannan zama tambayoyi biyu ne, kuma dole a bi su a jere. Ta farko: shin wannan da aka dawo da shi, shi ne ainihin wanda aka aika? Mutane suna tsallake wannan su faɗa gardamar jabu, alhali a nan ne mafi yawan ɓarna take. Kaya sun bi hannun ɗan aike, sun bi hannun direba, sun kwana a gidan mai saye inda akwai masu shiga da fita. Abin da ke warware wannan shi ne nauyi da kama. In mai sayarwa tana da takardar shagon da ta saya, da hoton kayan a kan sikeli yana nuna giram, da hoton hatimi da wata 'yar alama kamar lanƙwasa ko wurin da aka taɓa liƙewa, to magana ta yi sauƙi. Tsantsar zinariya ta fi tagulla nauyi fiye da ninki biyu, don haka da wuya a ƙera na jabu mai girma ɗaya da nauyi ɗaya. Awarwaron da ya bar gida yana giram 12 ya dawo yana giram 7, ba sai an kira malami ba.

Tambaya ta biyu ita ce ta inganci, kuma wannan ba aikin ido ba ne, ba kuma aikin maƙwabciya mai cewa ta san gwal ba. Hatimi yana da amfani: 875 na nufin karat 21, wanda shi aka fi ciniki a Sudan, 750 kuma karat 18. Amma hatimi ana buga shi a kan ƙarfen banza. Maganaɗisu ma ba alƙali ba ne, domin ba ya jan tagulla kamar yadda ba ya jan zinariya, kuma sau da yawa ɗan ƙarfen da ke cikin maɓallin sarƙa ta gaskiya yana amsa masa, sai mai saye ta firgita a banza. Haka nan gumi da turare da hayaƙin dukhan suna iya dusashe ƙyalli. Akwai ma abin da mutanen ƙasar haƙar zinariya suka sani: in zaiba ta taɓa zinariya sai ta mayar da wurin fari kamar azurfa, alhali zinariyar lafiyarta lau. Gwajin da ake dogaro da shi na maƙerin zinariya ne, wanda zai goga kayan a kan baƙin dutsen gwaji ya ɗiga ruwan asid, in ya yi shakka ya ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri don ya ga ko ruwan gwal ne kawai aka shafa a sama. Shawararmu ita ce a je kasuwar Gadarif wurin maƙerin da ba shi da hannu a cinikin, wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi tun kafin ya duba, a gaban shaidu biyu, a kuma amince tun farko cewa wadda gwaji ya kayar ita za ta biya ladansa.

A ƙa'idar shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Amma kada mai sayarwa ta ɓuya a bayan wannan ta ƙi zuwa wurin gwaji, domin ƙin gwaji shi kansa yana magana. In ya tabbata kayan nata ne kuma jabu ne, babu ja: ta karɓi abinta ta mayar da kuɗi cif. Ba hujja ba ce ta ce ita ma haka aka sayar mata. Rashin saninta ya ɗauke mata zunubin ha'inci, bai halatta mata kuɗin ba. Sai ta koma kan wanda ya sayar mata, kuma haramun ne ta tura wa wata ba tare da bayani ba. A gaggauta biya kuwa, saboda fam ɗin Sudan ya sha faɗuwa tun 2023, asali kuma adadin da aka karɓa shi ake mayarwa, don haka duk makon da aka ja, aljihun mai saye ne ke ƙonewa.

Shari'ar da ta fi wuya ita ce ta tsakiya, inda zinariyar ta gaskiya ce amma an sayar a matsayin karat 21 gwaji ya nuna 18. Bambancin ba ƙarami ba ne, kashi ɗaya cikin bakwai ne na zinariyar da aka biya kuɗinta. Mazhabarmu ta Malikiyya ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala a zaure ya sani, amma in siffa ta saɓa, mai saye tana da zaɓi. Abin da muke ganin ya fi kuɓutarwa shi ne a warware cinikin gaba ɗaya, kowa ta karɓi nata, in suna so su ƙulla sabo a farashin karat 18, hannu da hannu. In kuwa gwaji ya wanke mai sayarwa, to wadda ta yi zargi ta koma duk zauren da ta watsa magana ta janye da bakinta. Ba a tilasta wa mai kaya ta karɓi kayanta, sai dai in ta ga 'yar'uwarta ta yi nadamar sayen ta yafe mata cinikin, wannan alheri ne mai lada.

Sai dai akwai abin da ya gabaci duk wannan, wanda ba mu cika son a taɓo ba. Cinikin zinariya da kuɗi ba kamar cinikin atamfa ba ne. Sharaɗinsa a karɓa a bayar a zama ɗaya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta amince da ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani, amma ta ware musayar zinariya da kuɗi saboda wannan sharaɗi. A zaman nan kuma ta ɗauki shigar kuɗi cikin asusun banki a matsayin karɓa. Ke nan tura kuɗi ta Bankak ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce kuɗi su shiga yau kaya su iso jibi, kuma cikin wannan tazarar ne ake musanya kaya, a cikinta ne zargi ke samun wurin zama. Mafita ba ta da tsada: mai saye ta wakilta ɗan'uwanta ko wani amintacce a garin mai kaya, su haɗu a shagon maƙeri, a auna a gwada, kuɗi su shiga wakili ya karɓa a take. Daga wannan lokaci kaya sun zama nata, abin da ya same su a hanya ba ya kan mai sayarwa.

In sulhu ya gagara, a fara da dattawan unguwa da limami, irin zaman judiyya da mutanen Sudan suka saba. In nan ma ya ƙi, kotu tana nan: zamba laifi ce a dokar laifuffuka ta 1991, akwai kuma dokar mu'amala ta na'ura ta 2007. Saboda haka kada a goge saƙonnin ciniki da muryoyin da aka tura da shaidar biya ta Bankak, ko da rai ya ɓaci, domin su alƙali zai fara nema.