Rigar Ɗumi Domin Ceton Bakwaini

Jama'a, mu mazauna ƙasar zafi mun saba raina sanyi. Alhali kuwa jaririn da zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 36.5 ya shiga haɗari, balle bakwainin da aka haifa da asubahin hunturu a ƙauye, aka ɗauko shi bisa babur zuwa asibiti. Ko an isa lafiya, kwalbar jarirai ba ta aiki sai da lantarki, shi kuwa kowa ya san halinsa.

Wasu sun riga sun nuna hanya. A 1978, a birnin Bogota na Kolombiya, Dokta Edgar Rey ya soma sa iyaye mata su goya bakwaini a ƙirji, fata da fata. A 2007 kuma wasu ɗaliban Jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙago 'yar jakar kwantar da jariri, mai ɗauke da wani sinadari kamar kakin zuma, wanda in an ɗumama shi yakan riƙe digiri 37 na sa'o'i da dama.

Ɗalibai ne fa irinmu! Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu na fannin injiniya da na likitanci su haɗa kai, su mai da wannan aikinsu na shekarar ƙarshe: rigar da telan unguwa zai iya ɗinkawa, ungozoma ta ɗumama da ruwan zafi, ta wanku da sabulu, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin talaka ba. Ma'aikatan lafiya su ba da damar gwaji ƙarƙashin kulawar likitoci. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Allah ya sa mu dace.